Ina son karanta ilimin kurame amma a gida an ce ba aiki, dan Allah ku ba ni shawara

'Yar Gwale:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah wanda ya san abin nan ya taimaka min. Na gama sakandare, sakamako ya yi kyau alhamdulillah, kuma ni tun tuni abin da ke raina shi ne in karanci ilimi na musamman ɓangaren kurame in zama malamarsu. Akwai wata yarinya a layinmu kurma ce, kullum tana zaune a ƙofar gida sa'anninta na wucewa makaranta, ita ce ta fara sa min abin a rai. To Yayana ya ce ɓata lokaci ne, wai in nemi nas ko ungozoma, ba wanda zai ɗauke ni aiki da wannan takardar. Baba bai ce komai ba tukuna amma na san maganar Yaya zai bi. Abin da nake son sani, a ina ake karantawa, da gaske ba aiki, sannan na ji an ce maganar hannu ma kala biyu ce a nan Kano, to wacce mutum zai koya?

Baban Hanif:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata gaskiya Yayanki bai yi ƙarya ba. Makarantun kurame nawa ne a jiha guda? Ɗaya ko biyu. Malaman da suka karanci lissafi da turanci ma suna yawo da takardu a hannu balle wannan. Ki yi nas ɗinki, in kin samu kuɗi sai ki taimaka musu da sadaka, ladan ɗaya ne.

Malama Uwani:
Baban Hanif ka bari mana ta ji daga bakin masu abin. 'Yata ni aikin da nake yi ke nan, na daɗe a ciki har furfura ta fito min, to bari in amsa miki ɗaya bayan ɗaya.

Wajen karatu akwai. Idan NCE kike so, babbar cibiyar abin ita ce kwalejin ilimi ta tarayya ta musamman da ke garin Oyo, tun 1977 take, kuma yawancin tsofaffin malaman kurame na ƙasar nan can suka bi. Idan digiri ne ba sai kin je nesa ba, BUK na da sashen ilimi na musamman, Jami'ar Jos na da shi, Ibadan ma haka. Jami'ar Ilorin kuma tana da cibiya ta musamman mai tallafa wa ɗalibai kurame da masu fassara a aji. To tunda a Kano kike ai Baba ba zai ce nisa ba.

Maganar aiki kuwa ba zan yaudare ki ba, albashin malami ne, kin san yadda yake, ba a gina bene da shi. Amma cewa ba aiki wannan ba haka ba ne. Abin da ya yi yawa shi ne masu takarda, abin da ya yi ƙaranci shi ne masu hannu. Sau nawa ake turo mana malami da digirinsa na ilimi na musamman, ya shiga aji ya tsaya kamar an dasa shi, iyakacinsa ya jera A B C da yatsu, sai ya juya wa yara baya yana rubutu a allo yana ta surutu da baki, yaran na kallon ƙeyarsa, ƙarshe su kwafe rubutun tas ba tare da sun san me aka ce ba. Kwas ɗin maganar hannu na zango ɗaya ko biyu a jami'a ba ya sa mutum ya iya. Idan kika iya da gaske, har kurame da kansu suka yarda kin iya, to neman ki za a dinga yi, makaranta, taron ƙungiyoyi, gidan talabijin, lokacin zaɓe, kotu, asibiti.

Baban Hanif:
Malama ban raina aikinki ba wallahi. Amma ni abin da ban gane ba, yanzu zamani ya ci gaba, akwai na'urar da ake sa wa a kunne, har dashe ake yi a cikin kai yaro ya ji. Ba gara a dage a koya musu magana da baki ba? Ni na ji an ce in yaro ya saba da hannu shi ke nan ba zai ƙara ƙoƙarin magana ba.

Abu Fatima:
Malam wannan maganar taka an gwada ta, ba a wata ƙaramar makaranta ba, a duniya aka gwada. A 1880 malaman kurame suka yi babban taro a birnin Milan na Italiya, kusan dukkansu masu ji ne, suka yanke cewa a daina maganar hannu a makarantu a koma koyar da baki zalla. Aka bi wannan hukunci a Turai da Amurka shekara da shekaru, aka kori malamai kurame daga aiki, yara ana hukunta su in an kama su suna hannu, wasu har zaunar da su ake yi a kan hannayensu. Me ya fito? Yaro ya kwashe ƙuruciyarsa yana koyon furta sauti, lissafi da tarihi da kimiyya duk sun wuce shi. Sai a 2010 a Bankuba ta Kanada wannan taron dai ya fito fili ya yi watsi da hukuncin Milan ya nuna nadama. Shekara 130 fa.

Kuma cewa hannu na hana magana ba gaskiya ba ne, abin da ke cutar da yaro shi ne ya tashi ba harshe ko ɗaya, ba na baki ba na hannu, a shekarun nan na farko da ƙwaƙwalwa ke kama harshe.

Nas Hadiza:
Bari in ƙara a kan na'ura tunda ɓangarena ne. Ta kunne tana ƙara sauti ne kawai, wanda ke da sauran ji tana taimaka masa sosai, wanda jijiyar ta tafi gaba ɗaya ba abin da za ta yi masa. Ga batir, ga gyara, ga yaro na girma sai an sake abin da ke zama cikin kunnen. Shi kuwa dashen miliyoyin naira ne, kuma bayan tiyatar sai an yi dogon horo da ƙwararren mai koyar da furuci, wanda a ƙauyukanmu ina za ka same shi. Ba na hana kowa, mai hali ya yi, amma a haɗa da hannu, in batir ya mutu da dare yaron ya samu abin da zai ce wa uwarsa cikinsa na ciwo.

Sannan iyaye dan Allah rigakafi. Da yawan kuramen da muke gani ba haka aka haife su ba, sanƙarau ne, ƙyanda ce, shawarar jarirai da aka bari ta yi tsanani, ko ciwon kunne mai ruwa da aka yi ta ɗiga masa man ja da su tafarnuwa. Har wasu allurai irin su jentamaisin in aka yi su barkatai a kemis suna kashe ji. Waɗanda suka ga annobar sanƙarau ta 1996 sun san yara nawa suka tashi daga jinya ba sa ji.

Ɗan Sabon Gari:
Salam. Ni kurma ne, ni ne irin wanda Anti Hadiza take faɗa, sanƙarau ya same ni ina firamare, na riga na iya Hausa da karatu kafin nan shi ya sa kuke ganin rubutuna haka, da yawan abokaina da aka haifa kurame turanci suke rubutawa ba Hausa ba, zan dawo kan wannan.

Baban Hanif ka je gaban madubi ka ce baba, ka ce mama, ba tare da murya ba, ka gaya min bambancin da ka gani a leɓenka. Babu. Ka ce kai, ka ce gai, duk a can cikin baki ake yin su ba a gani. Ga Hausa da hawa da saukar murya, wannan kuwa ido ba ya ganin sa sam. To haka muke fama in an ce mu karanci baki, rabi gani rabi cinta, in mutum na da gashin baki ko yana tauna goro shi ke nan an gama da kai. Kuma ku daina ɗaga murya a kunnenmu, ba ya ƙara komai sai dai yawu.

Baban Hanif:
Subhanallah. Na gwada wallahi, iri ɗaya ne. To Allah ya ba da haƙuri ɗan uwa.

Maman Ilham:
Ni kuka ma nake ina karantawa. 'Yata ta kusa shekara huɗu ba ta ji, mun zaga wajen masu magani har mun gaji, an yi rubutu an yi hayaƙi, kakarta ta ce a bar ta kawai lokaci ne za ta yi magana, wai babanta ma ya yi jinkirin baki. Yanzu in tana son abu sai ta ja ni ta nuna, in ban gane ba ta faɗi ƙasa tana birgima, mutanen gida suna cewa ta cika fushi irin na kurame. Malama me zan yi, makarantar ma an ce sai ta ƙara girma.

Malama Uwani:
Maman Ilham share hawayenki, kin yi tambaya a kan lokaci. Wannan da ake cewa fushin kurame ba halitta ba ce, ke ma in kina da magana a ciki ba wanda ya gane ki ai sai kin fi ta birgima. Kada ki jira makaranta. Ki kai ta asibitin kunne a auna jin, wannan ɗaya. Na biyu ki nemi babbar mace kurma a unguwarku ko nan kusa, ba za ki rasa ba, ki dinga kai yarinyar wajenta ke ma ki zauna ki koya. Ki fara da abin da ke gabanku, ruwa, tuwo, barci, zafi, banɗaki, zo, bari, sunan kowa a gidan. Kafin ki yi alama ki tabbata tana kallon ki, ki taɓa kafaɗarta a hankali ko ki kaɗa hannu inda za ta gani, kar a jefe ta da abu don ta juyo, wannan wulakanci ne kuma ana yi. Ki nuna mata abin, ki dawo da idonta fuskarki, ki yi alamar, ki maimaita. In dare ya yi ba wuta ki haska fitila a fuskarki ke, ba a idonta ba. Yayyenta ma a sa su, yara sun fi mu saurin kamawa.

Abin da ke karya min zuciya duk shekara shi ne yaron da za a kawo aji ɗaya yana da shekara tara ko goma, bai san yana da suna ba. Ba wasa nake ba, bai san abubuwa na da suna ba balle shi. Irin wannan sai mun fara gina masa harshe daga tushe kafin a zo maganar ƙirga, kuma da wuya ya kamo wanda aka fara da shi tun yana goye. Fiye da kashi 90 cikin 100 na yara kurame iyayensu masu ji ne, to kin ga matsalar daga gida take farawa ba daga makaranta ba.

'Yar Gwale:
Na gode sosai Malama, Allah ya saka. Saura tambayata ta uku, wacce zan koya?

Abu Fatima:
Yauwa, nan ne inda nake jira. Ƙanwata da gaske ne biyu ce. Akwai maganar hannu ta ƙasar Hausa, wadda kuramenmu ke yi tun kaka da kakanni a kasuwa da majalisa, ba wani bature da ya kawo ta, har sarkin bebaye ake naɗawa kamar yadda ake da sarkin makafi. Wata Bajamushiya mai binciken harsuna, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta yi nazarin ta, aikin ya fito a 2000, ta nuna cikakken harshe ne mai ƙa'idojinsa.

Ɗayar kuma ta makaranta ce, asalinta daga Amurka. Wanda ya kawo ta Andrew Foster ne, baƙar fata kurma ɗan Amurka, shi ne baƙi na farko da ya yi digiri a Gallaudet, jami'ar kurame da ke Washinton, a 1954. Ya zo Ghana a 1957 ya buɗe makaranta, ya zo Ibadan a 1960, ya ci gaba har ya kafa makarantu sama da talatin a ƙasashen Afirka, ya rasu a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987. Mishan ne, wannan ba ɓoyayye ba ne, amma aikin da ya yi wa kuramen Afirka ba mai musun sa. To malaman da aka horar ta wannan layin su suka watsu, da aka buɗe makarantu irin Tudun Maliki a Kano da wannan aka shiga aji.

Ni ra'ayina an yi kuskure da aka bar tamu a waje. Yaro Bahaushe a kai shi makaranta a koya masa alamun da aka jingina da kalmomin turanci, ya dawo hutu uwarsa ba ta gane shi shi ma ya fara ganin maganar gidan ta 'yan ƙauye ce. Me ya raba wannan da abin da boko ya yi wa Hausa a da? Ki koyi tamu tukuna.

Malama Uwani:
Malam Abu Fatima tarihinka daidai ne amma shawararka za ta sa yarinya ta faɗi intabiyu. Jarrabawar WAEC da NECO da turanci ake yi, littattafan da turanci suke, mai fassara a talabijin ta makarantar yake yi, in kuramen Kano da na Inugu da na Legas suka haɗu a taron ƙungiyarsu ta ƙasa NNAD da ita suke fahimtar juna. Kuma ina alamar sinadarai ko ta lissafin aljabara a maganar kasuwa? Ni a aji da ta makaranta nake koyarwa, in na ga yaro sabon zuwa bai kama ba sai in sauko in yi masa ta gida.

Abu Fatima:
To ai kin ba ni hujja da kanki Malama, kin ce sai kin sauko kin yi ta gida yake ganewa. Maganar babu alamar sinadarai kuwa, ita ta Amurkan da su aka haife ta? Ƙirƙira suka yi. Ita kanta daga Faransa jijiyarta take, wani malami kurma Laurent Clerc ne ya tsallaka Amurka suka buɗe makaranta a Hartford a 1817, ta gauraya da alamun da kuramen can ke yi. Shi ya sa Ba'amurke kurma da na Ingila ba sa gane juna duk da turanci ɗaya ƙasashensu ke yi. Amurkawan ma raina tasu ake yi ana cewa kwaikwayo ne kawai har sai da wani malamin Gallaudet, William Stokoe, ya yi nazarin ta a 1960. Kowa ya gina tasa, mu ne kawai za mu ce tamu ba za ta iya ba.

Ɗan Maraɗi:
Mu ma nan Nijar haka abin yake, ta makaranta daga layin Foster ɗin nan take sai dai an jingina ta da faransanci. Kurman Maraɗi da na Katsina in 'yan makaranta ne sukan gane juna da yawa a hannu, amma da an zo harhaɗa kalma da yatsu sai a rabu, wannan na rubuta faransanci wancan turanci. Tsofaffin kuwa da ba su yi lakwal ba, wato boko, a kasuwar Jibiya suke cinikinsu lafiya lau ba ruwansu.

Ɗan Sabon Gari:
To kun gama? Abin dariya, Malam mai ji da Malama mai ji suna ta ja a kan harshen da za mu yi. Ban ce ba ku da niyya mai kyau ba amma haka aka yi a Milan ɗin da Malam ya kawo.

Ni duka biyun nake yi kuma yawancinmu a arewa haka ne. Da abokan makaranta ta makaranta, da dattawanmu na kasuwa ta gida, kuma in muna hira a majalisa gauraya su muke ba ma ma lura. Ta makarantar ma ba ta Amurka ba ce zalla yanzu, mun cusa mata namu, tuwo da kunu da adaidaita da sallah ai ba Foster ne ya zo da su ba. Inda na yarda da Malam shi ne rainin, akwai samarinmu 'yan sakandare da ke yi wa tsofaffi dariya wai ba su waye ba, wannan yana min ciwo, don tsohon nan ya fi su iya ba da labari nesa ba kusa ba, in yana ba ka labarin yadda ɓarawo ya shiga kasuwa sai ka ga ɓarawon ka ga 'yan kasuwar ka ga inda kowa ya tsaya.

Abin da ya fi damuna ba wannan ba ne. Malamai da yawa abin da suke yi ba ta Amurka ba ce ba ta Hausa ba, turanci ne suke bi kalma kalma suna liƙa wa kowace alama, fuska a sandare kamar hoton fasfo. Mu a wajenmu fuska rabin magana ce. Ka ɗaga gira ka yi alamar ci, tambaya ce, ka ci? Ka girgiza kai, ban ci ba. Ka ajiye mutum a damanka wani a hagunka, sai ka nuna wa ya ba wa kuɗi da inda hannun ya tafi kawai. Wanda bai zauna da mu ba ba zai samu wannan a littafi ba.

Sai maganar da na ce zan dawo. Abokina da aka haifa kurma ya gama sakandare, yana rubuta turanci daidai gwargwado, amma ba ya iya karanta saƙon da mahaifiyarsa za ta sa a rubuta masa da Hausa, ba wanda ya taɓa koya masa Hausa a rubuce. A nan ya kamata ku masu ilimi ku sa ƙarfi.

Kuma a ɗauki kurame aikin koyarwa. Muna da masu NCE da digiri suna zaune suna ɗinki da wankin mota, ana ɗaukar wanda bai iya gaisuwa da hannu ba.

Abu Fatima:
Na karɓi gyara ɗan uwa. Kan maganarka ta ƙarshe, a Gallaudet ɗin ma sai da ɗalibai suka rufe jami'ar a watan Maris na 1988 suka ce shugaba kurma suke so, shekara 124 da kafa ta ba a taɓa ba kurma ba, sannan aka naɗa I. King Jordan. Ba a ba su a faranti ba.

Lauyan Talakawa:
Tunda an zo nan bari in sa baki. Doka fa akwai. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, Buhari ya sa mata hannu a Janairun 2019. Ta ce ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta ce a sa maganar hannu da rubutun makafi cikin manhajar makarantu, ta ce asibitin gwamnati ya tanadi hanyar sadarwa ga mara lafiyar da ba ya ji. A 2020 aka kafa hukumar kula da masu buƙata ta musamman ta ƙasa, kuma babban sakatarenta na farko James Lalu kurma ne. Aiwatarwa ce dai kun san halinmu. Inda aka bar mu a baya shi ne matsayin harshen kansa, Uganda ta sa shi a tsarin mulkinta tun 1995, Kenya a 2010, Afirka ta Kudu ta mai da shi harshen hukuma na 12 a 2023. Mu sai dai duk 23 ga Satumba, ranar maganar hannu ta duniya, a yi taro a ɗauki hoto a raba lemo.

Nas Hadiza:
Lauya asibitin nan kar ka tuna min. An taɓa kawo mana mata kurma tana naƙuda, ba mai fassara, ƙanin mijinta ne ya rako ta, a ce namiji kuma ƙanin miji shi zai tsaya tsakaninmu ana tambayar abin da ya shafi jikinta. Ta ƙi kallon sa ma. Da nuni da zane a takarda muka lallaɓa, Allah ya sauke ta lafiya, amma bayanin magani da na dawowa awo ban san nawa ta ɗauka ba. 'Yar Gwale ki gaya wa Yayanki mata masu fassara ake nema ruwa a jallo, mace ba za ta faɗi ciwonta ta hannun namiji ba.

Ustaz na Layin Masallaci:
Ga kuma addini da ba ku taɓo ba. Kurma zai zo Juma'a shekara da shekaru yana zaune huɗuba na wuce shi, yana sallah da kwaikwayon na kusa da shi, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya yi masa bayanin tsarki ko abin da ke karya azumi. Alhamdulillah yanzu wasu wuraren tafsiri suna sa mai fassara a gefe da azumi, amma kaɗan ne. A Indonesiya har makarantar allo ta kurame ake da ita, yara na haddar Alƙur'ani da alamun haruffan larabci a yatsu. Mu da muke da islamiyya a kowane lungu, nawa ne ke karɓar kurma?

Ɗan Sabon Gari:
Ustaz ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Amma dan Allah in za a sa mai fassara a tambaye mu ko muna gane shi, kar a ɗauko ɗan wani don ya iya kaɗa hannu. Kun tuna mutumin da ya tsaya kusa da Obama a taron makokin Mandela a 2013 yana ta wurga hannu ba ma'ana, duniya na kallo? Muna da irinsa a nan, sai dai su ba a kama su don ba mai tambayar mu. Sannan masu talabijin ku ƙara girman ɗan akwatin nan na kusurwa, mai fassara ya zama kamar ƙuda, ga tambarin tasha ya rufe masa hannu ɗaya.

Baban Hanif:
Ni dai har yanzu ina nan kan batun abinci. Duk wannan lada ne na yarda, amma yarinya za ta yi shekara huɗu tana karatu, a ƙarshe fassarar taro ba kullum ake samu ba, wasu ma sai su ce ki yi don Allah.

Malama Uwani:
Wannan gaskiya ne, ana cewa a yi don Allah, ni ma an sha gaya min, mai sauti da mai kujeru a biya su mai fassara a ce Allah ya saka. Shi ya sa masu fassara suka yi ƙungiya, ASLIN, kuma shi ya sa nake gaya wa ɗalibaina su faɗi kuɗinsu tun kafin su hau mumbari. Kuma 'yata ki haɗa da darasin koyarwa mai ƙarfi, lissafi ko kimiyya ko turanci, don malamin lissafi mai hannu shi ne wanda ba a samu, kuma ko makarantar masu ji kika je takardarki na aiki. Abu ɗaya da zan ce ki shirya masa shi ne gajiya, hannu da kafaɗa da fuska duk aiki suke, ga aji mai yara da yawa kowa da matakin da ya zo da shi, ga kujeru ma sai kin yi faɗa kafin a bar ki ki jera su kamar rabin da'ira yadda kowa zai ga hannun kowa.

'Yar Gwale:
Na kwafe duk maganganun nan zan tura wa Yaya, musamman ta Anti Hadiza tunda shi nas yake so. Yaya Ɗan Sabon Gari kafin a fara karatun ina zan fara koyo, akwai bidiyo a YouTube da za ka ce in bi?

Ɗan Sabon Gari:
Na YouTube yawanci na Amurkawa ne, za ki samu haruffa da su uwa da uba, babban yatsa a haɓa uwa, a goshi uba, to ba laifi ki fara da su. Amma in kika tsaya nan ranar da kika haɗu da kuramen Kano za ki ga kamar ba ki koyi komai ba, saurin kawai zai ruɗa ki. Ki nemi reshen ƙungiyar kurame na jiha, ko ki je makarantar ki ce kina son ki dinga taimakawa. Za su yi miki dariya in kin yi kuskure, kar ki ji haushi, kuma su za su raɗa miki sunan hannu, ba ke za ki zaɓa ba, yawanci daga wani abu na fuskarki ko ɗabi'arki ake ɗauka, ni nawa tabon da ke girata ne.

Maman Ilham:
Malam ni fa, akwai inda mata ke haɗuwa? Ba zan iya zuwa majalisar maza ba kuma maigidan ba zai bari in yi nisa ba.

Ɗan Sabon Gari:
Akwai Hajiya. Matata ma kurma ce, ita da ƙawayenta suna haɗuwa a gida ranar Lahadi bayan la'asar, mata zalla, ana zuwa da yara. Ki sa maigidan ya yi min magana ta akwatin saƙo, rubutu fa ba kira ba, sai mu ga ko unguwarku da kusa, in da nisa ta san wasu a wajenku. Ki zo da Ilham da yayarta in tana da ita.